Masu ɗaukar hoton ruwa kusa-kusa, ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Mai tambaya: Salam jama'a. Sati biyu kenan ina fama da ɗigon ruwa, so nake in ɗauki irin hoton nan da ake ganin fure a cikin ɗigo kamar an sa shi a kwalba, amma duk wanda na ɗauka dishi-dishi yake fitowa, in ɗigon ya fito furen ya ɓace. Da waya nake ɗauka, na maƙala mata ɗan ƙaramin gilashin nan na makro, mai ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Mai hoton biki daga Kaduna: Wa'alaikumus salam ƙanena, ni ma na sha wannan wahalar. Ɗigon nan shi kansa lens ne, shi ya sa duk abin da ke bayansa yake nuna maka shi kai a ƙasa, to furen za ka juya tun farko. Kuma fokos ɗinka ba a jikin ɗigon zai zauna ba, kan hoton da ke cikinsa za ka sa shi. Ni da babbar kyamara ma a f/11, wato na ƙuntata ƙofar da haske ke shiga lens, abin da ke fitowa tar bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, numfashi kawai za ka yi ya gudu. Jingina wayar da littattafai ka sa taima, ka cire hannunka.

Wata daga Jos: Ni raɓa nake bi, ana idar da sallar asuba nake fita bayan gidanmu wajen ganyen gwaza, don shi ruwa baya kama shi, sai ya dunƙule ya zauna kamar dutsen ado. Matsalar iska ce wlh, kana gama saiti ganye ya motsa, rana na ɗagowa kuma shi kenan ta shanye. Daga baya na sayo gilisarin a kemis ina haɗawa da ruwa ina ɗigawa da sirinji, baya saurin bushewa. Sai dai zaƙi gare shi, ranar tururuwa ce ta cika min ganyen, kuma hoton da tururuwa take shan ɗigon shi ne ya fi duk sauran kyau.

Ɗalibi a Zariya: Hhhh ni man gyaɗan Mama na ɗiba. Ruwa a farantin gilas, na ɗora shi kan kofuna biyu, na shimfiɗa atamfarta a ƙasa na haska da tocila, sai kowane ƙwallon mai ya ɗauki kalar zanen. Ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya yana sa bakinsu ya fito sosai. Hoto ya yi kyau, faɗa kuma na sha shi.

Wani ɗan Kano: Nawa labarin na marinar Ƙofar Mata ne. Na je ne in ɗauki sama da inuwar marini a kan ruwan baba, na nemi izini suka ce bismillah, na tsaya a kan ramin da tsakar rana ina ɗauka daga sama, ba abin da ya fito sai baƙin ruwa da kumfa. Ashe in ka kalli ruwa tsaye daga sama kusan kashi 2 cikin 100 na hasken kawai yake dawo maka, sai ka durƙusa ƙasa sosai sannan ya zama madubi. Abin haushin ma filtar folaraiza na ɗaure a lens, wadda aikinta kenan kashe ƙyalli, wato ni da kaina na goge abin da na je nema. Wani dattijo a cikinsu ya ce yaro ka dawo da hantsi ko bayan la'asar. Da na koma na cire filtar na kusan kwanciya a ƙasa, kumfar nan mai shuɗi da ɗan ja-ja ta fito, ga sandar rini ta karye a cikin ruwa. Wandona dai har yau da tabon baba a gwiwa.

Mai hoton biki daga Kaduna: Masu son fantsama kuma, filasha ce ke tsayar da ɗigo a iska, ku rage ƙarfinta zuwa 1/32 a ɗaki mai duhu. Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka da filasha ya kama hoton nan na ɗigon madara da ya fantsama kamar kambi a 1957. Ni sai da na ɗauki sama da ɗari uku kafin in samu huɗu, gashi madarar ta fantsame min labule.

Wata daga Jos: Yaya kada dai wani ya ɗiga ruwa kan kyamarar waya wai zai zama makro. Yana yi kam, amma tawa kwana uku tana hazo ta ciki.

Mai tambaya: Na gode kwarai. Na juya furen, na jingina wayar da ƙamus na sa taima sakan uku, ya fito! Sai dai ƙurar hunturun nan ta zauna a kan ɗigon, ana ganin ƙwayoyinta ɗaya-ɗaya. Gobe a ɗaki zan sake, taga a rufe.