Yadda za a ji daɗin kundin Travelogue na Joni Mitchell

Akwai masu ganin cewa ba a ba wannan kundi haƙƙinsa ba. Ya fito a Nuwambar 2002, faifai biyu, waƙoƙi 22, duk tsofaffin waƙoƙin mawaƙiyar 'yar Kanada ne, ta sake rera su tare da babbar ƙungiyar makaɗa a Landan. Vince Mendoza ne ya tsara kiɗan, kuma aikinsa a kan waƙar "Woodstock" ya ci kyautar Grammy.

Shawara ta farko, kada a saurare shi a zama ɗaya. Ya haura awa biyu, tafiyarsa a hankali take, kunne kan gaji kafin faifai na biyu. A fara da waƙar "Amelia": a ji ta asali ta 1976 tukuna, sannan ta wannan kundi. Muryarta ta yi kauri, ta sauko ƙasa, shekaru da sigari sun yi aikinsu. Mai neman siririyar muryar da ya sani a da zai ce ta lalace, alhali yanzu ne kalmomin suka yi nauyi.

Lasifikar waya kuwa ɓata lokaci ce, domin tana haɗiye amon manyan goge masu zurfin sauti. A sa na'urar kunne mai kyau, a kashe tsarin daidaita ƙarar sauti, tunda kiɗan kan taso daga raɗa zuwa tsawa. A kasa kunne ga busar Wayne Shorter, mai busa saxophone, wadda kan leƙo tsakanin baitoci.

Inda ra'ayi ya bambanta shi ne a kan waƙar "Sex Kills": wasu na ganin makaɗan sun danne waƙar.