Kulob ko ƙungiyar makaranta: abin da aka faɗa kan yara masu wasan lakuros (wasan ƙwallo da ake yi da sanda mai raga a kai) a Amurka

1. A muhawarar ko yaro ya shiga kulob (ƙungiya mai zaman kanta da ake biyan kuɗi) ko ƙungiyar makaranta, an yarda lokutan wasanninsu ba su cika cin karo ba. Makarantun sakandare galibi suna wasa daga Maris zuwa Mayu, gasannin kulob kuwa sun fi yawa a Yuni, Yuli da Nuwamba.

2. Wajen koyo makaranta ta fi. Atisaye kusan kullum ƙarƙashin koci ɗaya, yaro ya gane tsarin tsaro da lokacin miƙa ƙwallo. Kulob da yawa atisayensu sau ɗaya ko biyu ne a mako, sai wasanni a jere ƙarshen mako, kuskure ya yi ta maimaituwa ba mai gyarawa.

3. Wajen neman jami'a kulob ya fi, don a gasanninsa kociyoyin jami'a ke zuwa kallo. Amma tun 2017 dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana kociyoyin Division I (babban rukuni) tuntuɓar ɗalibi kafin farkon Satumba na aji 11, saboda haka gaggawar kai ɗan shekara tara kulob ba ta da amfani.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce ƙasa da shekara 12 ƙungiyar unguwa ta isa. Waɗanda ke nesa da Maryland da Long Island, inda wasan ya yi ƙarfi, sun ce a yankunansu sai a kulob ake samun ƙwararren koci.

5. Ko wanne aka zaɓa, yaro ya riƙa jifan bango da ƙwallo yana caɓewa da sanda minti ashirin kullum, da hagu da dama. Yaron da hagunsa bai faɗa ba, ɗan tsaro yana tare damansa ya gama da shi.

6. Kafin biyan kuɗi a tambayi yawan 'yan wasa. Goma ke shiga fili a wasan maza, in an tara 25 yaronka zai sha benci, ga kuɗin otal da mai.