Maigidana ya ce babu sauran Kirsimeti a gidanmu, ku ba ni shawara

Maman Biyu:
Salamar Ubangiji a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Ni da baban yara a ikilisiya ɗaya muka taso, a ƙungiyar mawaƙa ma muka haɗu. Da can tun Disamba ba ta kama ba yake fara rera waƙoƙin Kirsimeti a banɗaki, har ina yi masa tsiya. Tun da ya shiga wani rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki a intanet ya canza. Da farko ya ce a cire kayan ado daga falo, na ce to. Yanzu ya ce ba mu ba sujadar ranar 25, ba kyauta ga yara. Wai babu inda aka umarce mu, wai ranar ta bautar rana ce ta Romawa, kuma masu bikin ranar haihuwa a Nassi Fir'auna ne da Hirudus, kowannensu sai da ya kashe mutum a ranar. Ni kuwa malamar makarantar Lahadi ce, ni ke koya wa yara wasan haihuwar Yesu, 'yarmu ce mala'ika. Ta haddace nata tsaf, tana tsayawa gaban madubi tana ɗaga hannu tana cewa kada ku ji tsoro. Bai sani ba tukuna. Yaya zan yi?

Dattijo:
'Yata, mijinki ya riƙe rabin magana ne. Gaskiya ne Nassi bai faɗi ranar ba, kuma shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba daga Rum take, shekara ta 336. Amma masana tarihi ba su haɗu a kan cewa daga bautar rana aka ɗauko ta ba. Akwai masu cewa lissafi ne: Kiristocin da sun ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki, ki ƙirga wata tara ki gani. Ikilisiyar Armeniya 6 ga Janairu take yi, Kibɗawan Masar da Habashawa 7 ga Janairu. Su ma rana suke bauta wa? Ki buɗe masa Yohanna 10:22. Yesu da kansa yana Haikali a Idin Tsarkakewa, idin da babu shi a Shari'ar Musa.

Mai Jiran Zuwansa:
Baba, da girmamawa, abin da Ubangiji ya ce a yi don tunawa da shi Jibin Ubangiji ne, Luka 22:19. Mutuwarsa ya ce a tuna. Manzanni ba su yi Kirsimeti ba. Kuma Bulus ya tsawata wa Galatiyawa a kan kiyaye ranaku da watanni. Mijin nan ba sabon abu ya kawo ba, majalisar Ingila ma ta taɓa soke bikin a 1647.

Dattijo:
Ta soke, mutane suka yi bore, da sarauta ta dawo a 1660 biki ya dawo. Galatiyawa kuwa neman kuɓuta suke yi ta hanyar Shari'a, shi ya sa aka tsawata musu. Wa ya ce maka Kirsimeti na ceton mutum? Karanta Romawa 14:5-6. Wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a ransa. Magana ta ƙare.

Uwar Marayu:
Ni dai ba don tarihi na daina ba. Shekarar da mijina ya rasu, ikilisiya ta cika maƙil ran Kirsimeti, kowa na gaisawa da kowa, ba wanda ya leƙo ni da yarana. Waɗanda muka yi ta hidima tare da su! Har yau in na ji waƙoƙin nan gabana faɗuwa yake yi. Ana ta wa'azin Imanuwel, Allah tare da mu, mu kuwa ba ma tare da juna.

Ɗan Zumunta:
Allah ya ƙara miki haƙuri Mama. Maman Biyu, ni abin da ya tsaya min shi ne ɓoyon. Afisawa 5 a fili take. Ki cire yarinyar, ki bi mijinki, ki yi ta addu'a.

Maman Biyu:
Ba ɓoyewa na yi ba, bai tambaya ba ne. Kuma tun kafin ya tsananta aka raba wa yara matsayi. In cire ta yanzu in ce mata me? Babanki ya ce haihuwar Yesu zunubi ce?

Dattijo:
Kada ki cire ta. Lamirinsa nasa ne, ba zai ɗora wa gida duka ba. Ki kai maganar gaban fasto.

Mai Jiran Zuwansa:
Baba, wannan Romawa 14 ɗin da kake ja, ita ce ta ce kada ka sa wa ɗan'uwanka abin tuntuɓe. Ko a aya ta 6 ka tsaya?

Maman Biyu:
Fasto kam a'a. In ya ji na kai ƙararsa, ƙila ya bar ikilisiyar gaba ɗaya, dama ƙafarsa ɗaya a waje take. Ni ba ado ko kyauta ne suka dame ni ba. Ranar ce nake zama in tuna Allah ya zama jariri saboda ni.

Ɗan Zumunta:
To kin taɓa gaya masa haka, kamar yadda kika rubuta mana?

Maman Biyu:
Ba ku san shi ba ne. Kafin in buɗe baki ya jero min ayoyi biyar. Asabar akwai gwajin ƙarshe, kuma za mu je.

Baƙo:
Ku gafarce ni, yanzu na shigo. Ista fa, ita ma ya hana ne?