Gatanar Gizo a ajin Ingilishi: ina neman shawara

Mushen Ingilishi, Bagalam:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shekarata tara ina koyar da Ingilishi a wani lise (babbar sakandare) nan cikin Maradi, inda yara ke ce wa malami mushe. Wani abu ya faru a ajina wanda ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Wata Alhamis ce cikin Afrilu, rana ta take, yara saba'in da huɗu a ɗaki ɗaya kowa na fifita da kaye, wato littafin rubutu. Muna karanta labarin wani yaro da jirgin ƙasa ya tafi ya bari a Landan saboda dusar ƙanƙara. Na yi tambaya sau uku, ko tari ba wanda ya yi. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, balle ƙanƙara mai zubowa kamar auduga. Sai na ajiye alli na ce a rufe littafi, wa ya iya gatana? Wata yarinya a bencin baya, ƴar wani ƙauye wajen Madarunfa da ke zaune gidan gwaggonta, wadda tun Oktoba ban san muryarta ba, ta ce: "Mushe, ai ba a gatana da rana, mutum ɓacewa yake a kasuwa." Na ce ta yi, in ta ɓace ni zan nemo ta. Ta miƙe ta ce "Gatanan gatananku," ajin duka ya amsa "Ta zo mu ji ta," har masu gyangyaɗi.

Ta ba mu ta Gizo da hankaki. Ɓauren nan na tsakiyar gulbi, hankaki suka ara wa Gizo gashi ɗaya-ɗaya ya bi su, ya hau reshe ya riƙa cewa kowane ɓaure shi ya riga gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a sama. Da ta ƙare na kasa su shida-shida na ce su mayar da ita Ingilishi. Aikatau ɗin nan masu sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci, da na yi wata shida ina fama su haddace, ranar nan su ke bina suna tambaya, don sun samu abin da suke son faɗa.

Amma da na zauna da takardun da dare, sai jikina ya yi sanyi. Nahawu ya yi kyau, Gizo ne bai iso ba. Tsamin bakinsa, yadda yake cewa "shaiki" maimakon sarki, babu shi. "Tsulum" ɗin faɗawarsa ruwa babu. Waƙar da yarinyar ta rera a tsakiya duk sun tsallake ta. "Ƙurunƙus kan kusu" kuwa an fassara shi kalma da kalma, ya fito ba kai ba gindi. Ga kuma wani abokin aikina da ya ja ni gefe ya ce ina cin lokacin manhaja, ranar bak, jarrabawar gama lise, ba Gizo za a tambaye su ba.

To ni tambayata: in na ci gaba, raya gatana nake yi ko yanka ta nake ina rataye fatar? Kuma yaya zan yi da lokaci da maki? Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Tsohon malami, Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi yi maka albarka. Ni da na shiga lakwal, in Hausa ta suɓuce maka a cikin haraba sai a rataya maka sambol, alamar horon mai yin harshen gida, a wuya, ka yini kana neman wanda zai yi kuskure ka juye masa, wanda ya kwana da shi gobe ya sha bulala. Da wannan wuyan na girma, na kuma koyar shekara talatin da biyu. Don haka da na karanta cewa yara saba'in sun amsa gatana gaban mushe ba tsoro, sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru.

Ka gaya wa abokin aikinka ba kai ka fara ba. Akwai wani yaro Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram daga wajen Kance, da aka kama bawa, Turawan tafiyar Barth, wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, suka ƴanta shi, ya bi Barth har Landan a 1855. Can Ingila ya zauna gaban wani malamin mishan mai suna Schön yana zuba masa tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, aka buga su a Magana Hausa a 1885 tare da fassarar Ingilishi. Bayansa Frank Edgar ya tara littafi uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, Neil Skinner ya fara fitar da fassararsu a 1969. Ka ga Gizo ya riga ka shiga Ingilishi da shekara fiye da ɗari. Abin da ya rage, duk waɗancan baƙi ne suka riƙe alƙalamin fassara. Yanzu jikokin masu gatanar ne za su riƙe, kuma su sun san inda ake dariya.

Shawarata, kada fassara ta zama ita kaɗai a takarda. Ka sa su rubuta Hausar tukuna a shafin hagu, da ƙa'idarta, da ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, don za ka tarar da yawansu ba wanda ya taɓa koya musu rubuta harshensu. Ingilishin ya zo a dama. Waƙa kuwa a bar ta yadda take, a rera ta, a yi bayani a ƙasa. Abin da ya ƙi ƙetarawa shi ne darasin. Yaron da ya yi awa guda yana neman abin da zai tsaya a wurin "tsulum" ya rasa, ya koyi Ingilishi a wannan awar fiye da mai cike gurbi.

In kuma ana maganar izini, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Tun 1968 akwai cibiyar CELHTO a Yamai da aikinta ke nan, tattara abin da ke bakin tsofaffi. Kundin mulkin Nijar da aka fitar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Kai ka haɗa biyu a ɗaki ɗaya, ban ga laifinka ba.

Uban ɗalibi, Babbar Kasuwa:

Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ƴaƴa biyu a lise, bari in faɗi tawa. Ni Ingilishin da nake so yarona ya iya shi ne wanda zai karanta takardar kaya, ya amsa waya in an kira daga Legas ko Dubai, kada a cuce mu a lissafi. Mu da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya mun san abin da rashinsa ke jawowa. Gatana kyauta ce a gida, ba sai na sayi kaye da littafi don ita ba. Sannan ka yi hattara. Ka san garin nan da bori. In ka ce yara su je su kwaso abin tsofaffi, wata rana kirarin iskoki za a kawo maka cikin aji, mu kuwa iyaye ba za mu yarda ba.

Malama, Dakoro:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ina roƙonka yau da dare ka tambayi autanka ya ba ka gatana ɗaya daga farko har ƙurunƙus. Na gwada a ajina na kolej, masu iya kaiwa ƙarshe ba su cika hannu biyu ba, kuma duk ƴan ƙauye ne. Gidan da ake cewa kyauta ce, yanzu waya ke hira da yara bayan isha'i. Yaron da ya iya ba da labari a jere, wannan ya faru sannan wannan, wane ya ce kaza, shi ne gobe zai iya bayyana wa mai kaya a waya yadda aka yi kwali biyu suka ɓata a hanya. Jimlolin iri ɗaya ne.

Abokin aiki, ga yadda nake yi shekara uku ke nan. Ba na ba abin fiye da rabin awa a mako biyu, kuma kullum ina ɗaure shi da darasin da manhaja ta ce a yi, don in mai duba malamai ya shigo ya ga inda muke. Makon da muke kan mayar da maganar wani, gatana ce, tunda cike take da "sai Gizo ya ce, sai Ƙoƙi ta ce". Makon sharaɗi, karin magana: "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Ƴan aji shida kuwa, wato sababbin shiga kolej, kacici-kacici ya fi kama su. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ya koya musu kalmar tsintsiya yadda har abada ba za su manta ba, haka "baba na ɗaka gemu na waje". Samarin da ke ganin gatana ta mata ce, kirarin ƴan kokowa nake ba su. Kai da ke garin Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a 1975, ai ba ka da matsala.

Maki na raba shi biyu: rabi na nahawu, rabi na tsayawa gaban aji a ba da labarin da baki cikin Ingilishi, da murya da hannu da komai. A nan Gizo ke dawowa, don wani yaro da kansa ya ƙago masa tsamin baki na Ingilishi.

Abu biyu da na koya da wahala. Ajina akwai Fulani da Buzaye, ranar farko na ce "gatanar Hausa" na ga fuskokinsu sun canza. Yanzu cewa nake kowa ya kawo ta gidansu, Ingilishi ya zama tabarmar da duka muke zama a kai. Na biyu, a sa sunan tsohuwar da ta bayar da garinta a saman takarda, a kuma nemi yardarta kafin a ɗauki muryarta. Maganar bori, Alhaji ya yi gaskiya a kula. Ni na tsaya kan tatsuniya da karin magana da waƙoƙin daka da na gaɗa, kuma duk abin da za a karanta sai na gani tukuna.

Ƴan tarminal ɗinka, na ajin ƙarshe, ka kai musu tatsuniyar kunkuru da tsuntsaye da Chinua Achebe ya sa cikin Things Fall Apart na 1958. Shi ma aron gashi ne da haɗama. Su jera ta da ta yarinyarka su gani da idonsu yadda marubuci ya lanƙwasa Ingilishi ya ɗauki kayan garinsu.

Mushen Ingilishi, Bagalam:

Na gode Baba, na gode Malama. Alhaji, na ji gargaɗinka, kuma ƙofar ajina a buɗe take duk ranar da ka samu sarari daga shago. Na ɗauki shafi biyun Baba da rabon makin Malama.

Yarinyar ta je gida ƙarshen mako ta dawo da muryar kakarta a wayar gwaggonta, minti goma sha ɗaya. Ashe abin da ta ba mu rabi ne, akwai inda Gizo ya faɗa ruwa ya iske kadoji ya ce shi ɗan'uwansu ne. Tsohuwar ta yarda a saurara a aji, da sharaɗin a kai mata takardar ta taɓa ko da ba ta karatu. Alhamis mai zuwa za mu yi. Baba, in kana da kwafin littafin Skinner ko ka san mai shi tsakanin Tibiri da Maradi, zan hau kabu-kabu in zo in ara kafin ranar.