Yawon Keke a Duwatsu Ba Tare da Motoci Ba

A wata tattaunawa da aka yi kan inda za a yi yawon keke a duwatsu ba tare da motoci ba, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a nemi tsoffin layukan dogo da aka mayar hanyar keke. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsanani, shi ya sa layin kan hau a hankali, ya ratsa cikin dutse ta rami, ya haye kwari ta gada. Wani ya kawo misalin Vía Verde de la Sierra a kudancin Sifaniya: kilomita 36 tsakanin Olvera da Puerto Serrano, da ramuka 30. Kowa ya yarda a riƙe fitila, don wasu ramukan duhu ne ƙirin.

An yi saɓani kan taya. Ni ina tare da masu cewa a sa mai faɗi, saboda tsakuwa ta fi kwalta yawa a irin waɗannan hanyoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne gangara. Riƙe birki ba sassauci yana zafafa shi, gara a dinga matsawa ana saki. A ɗauki rigar sanyi, zafi kan ragu da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau sama. Ruwa kuma a cika gora duk inda aka samu, don ƙauyukan suna da nisa tsakani.