Wa ya kashe tsakiyar gari, waya ko mota?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Asabar na shiga tsakiyar Sheffield neman takalmin makarantar Ummi, na dawo hannu rabbana. Fargate, titin da a da ya fi ko'ina ciniki a garin, sai ka wuce shago biyu a buɗe, na uku an lulluɓe gilashinsa da takarda. Debenhams ya rufe a 2021. John Lewis, wanda tsofaffin garin har yau suke kira Cole Brothers, shi ma a shekarar ya tafi. Da muka dawo gida yarinyar ta karɓi wayata, kafin in cire takalmina ta yi oda, aka ce ranar Litinin za a kawo. Ni dai na gama yanke hukunci. Wayar nan ita ta kashe tsakiyar gari a Ingila, kuma ku mutanen kasuwar Kantin Kwari ta Kano ku ɗaura ɗamara, tana nan tafe.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Ai ta daɗe da zuwa, har mun ba ta tabarma. Yaran shagona su ɗauki hoton shadda su ɗora a WhatsApp, mace tana Damagaram ko Maiduguri ta zaɓa, ta turo kuɗi, mu kai kaya tasha. Ni ba ta rufe mini shago ba, ƙofa ta biyu ta buɗe mini.

Maman Khalifa: Baban Ummi, kai jiya-jiya ka zo garin nan, bari yayarka ta ba ka labari. Akwai wata tsohuwa da nake dubawa a wurin aiki, duk ƙuruciyarta a kanti ta yi ta. Na taɓa tambayarta yaushe garin ya fara mutuwa. Ba ta ambaci waya ba, sai ta ce tun da aka buɗe Meadowhall. A 1990 ke nan. Katafaren ginin kantuna a bakin babbar hanyar M1, a filin da masana'antar ƙarfe take a da, ga wurin ajiye mota kyauta, ga rufi, ruwan sama ba ya taɓa ka. A cikin gari kuwa sai ka biya kuɗin ajiye mota kana duba agogo. Ka je Rotherham da ke maƙwabtaka ka ga yadda ta tsotse. A lokacin ko Amazon ba a kafa ba, sai a 1994. Mota ce ta kwantar da mara lafiyar, waya dubiya kawai ta zo.

Baban Ummi: Dubiyar da aka fito da gawa bayanta, Yaya.

Malam Na Kakuri: Ku gafarce ni, duk ku biyun reshe kuka kama. Maman Khalifa ta faɗi maganar da bakinta amma ta wuce ta: filin da masana'antar ƙarfe take a da. To ina ma'aikatan? Sheffield garin ƙarfe ne, kewayenta garuruwan kwal. A shekarun 1980 aka yi ta rufe masana'antu, aka yi dogon yajin aikin masu haƙar kwal daga 1984 zuwa 1985, bayansa ramukan suka bi layi. Ciniki albashi yake bi.
Ni na ga irin wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. A Kakuri na tashi. Masaƙar Kaduna Textiles tun 1957 take aiki, ga UNTL, ga Arewa, ga Nortex. In aka tashi daga aiki, keke ne kamar ɗango, da ƙyar ka tsallaka titi. Ƙarshen wata mai shayi, tela, mai gyaran rediyo, matar da ke tuwo a bakin ƙofa, kowa ya san an biya. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Mai shayin layinmu da ke fasa kiret-kiret na ƙwai kafin hantsi ya koma ƙauyensu noma. Wace oda aka yi ta waya a Kakuri a lokacin?

Baban Ummi: Malam, na yarda da kai a kan Kakuri. Amma in talauci ne kaɗai, me ya sa kantunan nan suka rufe har a garuruwan masu kuɗi na kudancin Ingila? Woolworths, shaguna sama da 800, duk suka tafi tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. BHS a 2016. Wilko a 2023, shaguna kusan 400. Ga wadda ta fi ba ni tsoro: da Debenhams ya durƙushe, kamfanin Boohoo mai sayar da kaya ta intanet ne ya saye shi a kan fam miliyan 55. Suna kawai ya saya da shafin, bai ɗauki shago ko ɗaya ba. ASOS ma haka ya yi wa Topshop. Ka taɓa jin an sayi sunan mutum an bar masa gidansa? Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sayayyar ƙasar nan ta intanet ake yi.

Maman Khalifa: Wilko fenti da ƙusa da bokiti yake sayarwa. Masu sayen nan ba waya suka koma ba, B&M da Home Bargains suka koma, su kuwa da yawansu suna inda za ka ja mota har bakin ƙofa. Sannan ka leƙa Primark na The Moor ranar Asabar. Ba ya kai wa kowa kaya gida, amma layin biyan kuɗi sai ka gaji da tsayuwa.

Akanta: In sa baki? Akwai harajin da ake ɗora wa shago a Ingila gwargwadon darajar hayar ginin. Ka yi ciniki, ba ka yi ba, sai ka biya. Shagon tsakiyar gari hayarsa tsada, don haka harajinsa tsada. Rumbun ajiyar mai sayarwa ta intanet yana can bayan gari inda fili ke da araha. An haɗa su tsere, ɗaya da buhun gero a ka. Tun Disamba 2011 Mary Portas, masaniyar harkar kantuna, ta miƙa wa gwamnatin David Cameron rahoto mai shawarwari 28 kan ceto waɗannan titunan, har da batun harajin da na ajiye mota. Har yau ana kan maganar.

Alhajin Kwari: To ni abin da ban gane ba shi ne, a nan Kano juyin waina aka yi. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 cewa aka yi kasuwa ta mutu, kowa zai koma tura kwando a cikin sanyi. Shoprite, babban kantin cikinsa, ya tattara ya bar Kano a Janairun 2024. Mu kuwa har yau ba ka samun wurin sa ƙafa a Kwari sai ka goga kafaɗa da ɗan dako.

Kawu: Alhaji, rage dariyar. Kai a kan kabarin wata kasuwar kake zaune ba ka sani ba. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ayarin raƙuma daga hamada a nan suke sauke kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tasharsa a wajen ganuwa, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata suka kafa kantuna kusa da dogo, Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, suka bi su. Kwarin da kake taƙama da shi gidaje da kantunan Kwarorin ne. Kurmi ba ta mutu ba, amma je ka yau ka gani: masu linzami da sirdi, masu turare, masu tasoshi, sai baƙon da aka kawo kallo. Babban kuɗi ya fita ta ƙofar gari ya bar ta. Kingsway da Leventis da muka riƙa leƙawa muna yara, ina suke? Ranar da aka ɗauke tasha ko aka hana manyan motoci shigowa inda kake, ka zo ka ba ni labarin ƙofa ta biyu.

Alhajin Kwari: Allah ya huci zuciyar Kawu. Na yi shiru, amma ban sauka ba.

Maman Khalifa: Maganar Kawu ta tuna mini wani abu. Baban Ummi, ina kake sayen nama? Spital Hill, ko? Wajen Somalawa da mutanen Yaman. Titin nan har bayan isha'i a raye yake, London Road ma haka. Su ma suna da waya a aljihu. Bambancin shi ne mutane a bayan shagunan suke kwana, ga masallaci, ga wanzami, ga mai tura kuɗi gida, da ƙafa ake zuwa. Tsakiyar gari kuwa an kwashe mata dalilan zuwa ɗaya bayan ɗaya. Bankin da nake hulɗa da shi ya rufe reshen da na saba zuwa, ma'aikatan ofis da yawa tun korona rabin mako a gida suke aiki. Me ya rage? Masu aski, masu gyaran farce, shagunan caca, da na kayan gwanjo na sadaka.

Malam Na Kakuri: Shagon caca da gwanjo su ne shaidata. Aljihu ne ya rame.

Akanta: A garin Stockton na arewacin Ingila ma haƙura suka yi, suka rushe ginin kantunan Castlegate gaba ɗaya don a yi lambun shaƙatawa a bakin kogi.

Baban Ummi: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Yau Litinin takalmin ya iso. Ya yi mata kaɗan, babban yatsa ya ƙi shiga. Yanzu sai na sake naɗe shi na mayar, na jira wani.

Maman Khalifa: Ɗauko ta ka kai ta Meadowhall a auna ƙafar. Da mota.

Alhajin Kwari: Ko ka sa ta taka takarda ka zana ƙafar da biro ka turo mini hoton. Akwai mai ɗinki a Kurmi, Kawu ya san shi.