Abin da aka tattauna kan aikin kare muhalli ga ɗalibanmu na Legas

'Yan uwa na bi duk bayanan, ga su a dunƙule:

1. Kusan kowa ya yarda sola ce ke tafiya yanzu tunda aka cire tallafin fetur a 2023, ko ba injiniya kake karanta ba in an yi hutu ka shiga kasuwar kayan lantarki ta Alaba ka koyi haɗa fanel da inbata da batir da hannunka.

2. A nemi gurbin SIWES (horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi lokacin karatu) a LAWMA (hukumar kwashe shara ta Legas) ko LASEPA (hukumar kare muhalli ta Legas) da wuri.

3. Kan harkar bola aka rabu. Wasu sun ce ba aikin mai digiri ba ne, wasu suka ce a leƙa Olusosun, babbar bolar nan ta Legas, a ga yaranmu suna tsintar gorar roba ana awo a kilo, mai ilimin da zai tsara musu cinikin suka rasa. Ni dai wallahi ina bayan na biyun.